Matsirgar Gurara da Rakiyar Matafiyi: Nazari a Kan Yadda Bahaushe Yake Kiran Ruwa

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan ɗan nazari wata tambaya ce da wani dattijo ya yi a bakin ruwa. Cikin watan Satumba na 2023 yayana ya sami gurbin ƙaro ilmi a Alƙahira, tafiyar da aka san za ta ɗauki shekaru. Mu uku muka yi masa rakiya daga Faskari zuwa filin jirgin sama na Abuja, watau ni, da wani abokinsa mutumin Ƙanƙara mai motar da muka shiga, da kuma kawunmu wanda ya taso takanas daga Sabuwa. Muka fito titin Gusau, muka wuce Mairuwa da Funtuwa da Zariya, muka kwana Kaduna. Da yake jirgin sai da dare zai tashi, abokin nan ya ba da shawara mu ratse a mararrabar Dikko, mu bi hanyar Minna mu ga matsirgar Gurara, tun da dai ba wanda ya san ranar da za mu sake haɗuwa a mota ɗaya.

Da muka isa, kowa ya zaro wayarsa yana ɗaukar hoto, ban da Kawu. Shi tsayawa ya yi, ya daɗe yana duban ruwan, ya dubi sama da shi, ya dubi ƙasa da shi, sa'an nan ya juyo ya ce mini, "To, kai ɗan boko, ina mashiginshi?" Muka bushe da dariya. Sai bayan kwanaki na lura cewa tambayar ta fi dariyarmu ilmi. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun tambayar nan cikin harshe da al'ada, a ga abin da ruwa yake nufi ga matafiyi Bahaushe, da kuma irin kayan aikin da Hausa ta tanadar wa mai son bayyana wuri irin Gurara.

Ƙasarmu da Ruwanta

Ya kamata a fara da dalilin da ya sa mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa sai ya yi tafiyar yini kafin ya ga babbar matsirga. Kudancin Katsina ƙasa ce ta tudu, inda koguna suke farawa. Kogin Sakkwato kansa daga wajen Funtuwa ya taso kafin ya nufi Gusau. Kogi kuwa a mafarinsa yaro ne, bai tara ruwa ba tukuna. Matsirga tana bukatar abu biyu a haɗe: ruwa mai yawa, da kuma gaɓar dutse mai tauri wadda ruwan ya kāsa cinyewa alhali ya zaizaye ƙasar da ke gabanta. Muna da duwatsu, amma ruwanmu na damina ne. Ƙoramar da ta hana ka zuwa gona cikin Agusta, ita ce za ka tarar yara suna tonon yashinta cikin Maris. Saboda haka manyan matsirgun ƙasar nan sun fi yawa a kudu da mu, musamman a gefen tsaunukan Jos da kewayensu: Asob a kan hanyar Jos, da Matsirga kusa da Kafancan, da Farin Ruwa a ƙasar Wamba. Gurara tana yamma da waɗannan, cikin Jihar Neja, a ƙasar Gwari, kuma kogin nata cikin Kwara yake zuba.

Wannan bai sa mu talaucin kalmomi ba. Manomi a ƙauyen Sabuwa ba ya haɗa gulbi da rafi, ko rafi da ƙorama, ko tafki da kududdufi. Ya san fadama, ya san marmaro, ya san idon ruwa, ya san kwazazzabon da ruwa ya haƙa. Sunayen garuruwanmu ma shaida ne: Mairuwa da Ruwan Godiya a ƙasar Faskari, da Ƙetare a ƙasar Ƙanƙara.

Ruwa a Idon Matafiyi

Kafin zuwan mota, doguwar tafiyar Bahaushe zuwa wata ƙasa ba ta wuce iri biyu ko uku: fatauci, da neman ilmi, da aikin hajji. A dukkansu ruwa ne yake yanka wa ayari zango. Fataken da suke zuwa Gwanja sarin goro sukan jira kaka ta wuce, koguna su janye, kāna su ɗaura wa jakuna kaya. Aikin jagaba ne ya san inda za a sha, aikin madugu ne ya daidaita da masu fito a bakin Kwara, wajen Yawuri ko Ilo, a biya kuɗin fito a ƙetarar da mutane da dabbobi. Haka aka yi ta yi har yaƙin basasar 1892 ya karya kasuwar Salaga. Ga irin wannan matafiyi, wurin da kogi yake rugugi a kan duwatsu wuri ne da ake kewayewa. Ba sai an je da nisa neman misali ba. A duwatsun Busa ne Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka cikin 1806, a wurin da tafkin Kainji ya shafe bayan an gama madatsar cikin 1968.

Alhazan ƙasa su ma haka. Sun bi ta Barno da Wadai da Darfur, sun ƙetare Nilu, wasu sun kai Sawakin sun shiga jirgin ruwa, wasu kuma sun zauna a hanya. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903 sun kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, suka yi noma da ruwansa. Can sama a ƙasar Habasha wannan kogi yana da shahararriyar matsirga, amma abin da ya dami mai hijira shi ne inda zai shuka dawa.

Harshe ya adana wannan kallo. Mu dubi aikatau ɗin da muke jingina wa ruwa. Mukan ce kogi ya kawo, kamar wani baƙo da ya iso da kaya. Mukan ce ya janye. In mutum ya nutse, mukan ce ruwa ya ci shi, har aka sami karin maganar nan, kogi bai ci ni ba, ƙorama ba ta ci na. In wuri yana da zurfi da duhu a gindin dutse, sai ka ji tsofaffi sun rage murya sun ce ruwan nan yana da masu shi. Masu bori ma suna da Sarkin Rafi cikin iskokinsu. Malamai sun daɗe suna yaƙi da wannan imani, amma har gobe uwa ba ta son ɗanta ya yi wanka a irin wannan gurbi da tsakar rana. Ruwa dai a al'adarmu abokin hulɗa ne mai ƙarfi, wanda ake lallaɓawa, ake kuma tambayar izninsa kafin a wuce.

Adabinmu na zamani bai kauce wa wannan ba a farkonsa. Littafin Abubakar Imam da ya yi fice a gasar 1933, Ruwan Bagaja, labarin doguwar tafiya ce domin ruwa, amma ruwan magani ne za a ɗebo a kawo gida. Ba kallonsa aka je yi ba. Zuwa wuri domin kallo kurum baƙon abu ne, shi ya sa sai da aka ƙirƙiro masa suna, yawon buɗe ido. A lura ma da kalmar yawo da aka gina sunan a kanta. A bakin iyayenmu ba kalmar yabo ba ce: yawon banza, yawon duniya, ɗan yawo. Sai da aka jingina mata buɗe ido ta sami mutunci, domin an danganta ta da ilmi, daidai da hikimar da ke cikin tafiya mabuɗin ilmi, karin maganar da Imam ya sa wa littafinsa na 1944 a kan tafiyarsa Ingila.

To, wanda ya tashi cikin wannan tarbiyya, ya yi ƙuruciyarsa yana kora jakuna tsakanin Sabuwa da Birnin Gwari kamar Kawu, in ya ga kogi, tambayar farko da za ta zo bakinsa ita ce ta mashigi.

Kalmar Matsirga

A ajinmu na fassara an taɓa ba mu wani shafi na labarin ƙasa mu mayar Hausa. Fiye da rabinmu suka rubuta "faɗuwar ruwa", watau sun ɗauki kalmar Turanci sun tsaga ta biyu, sun fassara kowane ɓari. Wannan fassara tana da aibi biyu. Na farko, faɗuwa aiki ne, alhali abin da ake nufi wuri ne. Na biyu, kunnen Bahaushe in ya ji faɗuwar ruwa, sama yake dubawa, domin ya saba da faɗuwar damina. Ni kaina ina cikin waɗanda suka yi wannan kuskure, kuma abin kunyar shi ne na san sunan Matsirga ta Kafancan tun ina firamare, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ma'anarsa ba.

Ƙirar kalmar a fili take. Hausa tana gina sunan wuri ta hanyar liƙa ɗafa-goshin ma- a gaban tushen aikatau, a rufe da dogon wasalin -a ko -i, karin sautin kuma duk ya hau sama. In an rufe da -a kalmar takan zama tamace, kamar makaranta da maƙera da majema. In an rufe da -i takan zama namiji, kamar masallaci da masauƙi da mazauni. Sunayen wuraren ruwa da aka gina haka sun kasu gida biyu, kuma a nan ne abin sha'awar yake. A gida na farko mutum ko dabba ne mai aikin: mashaya inda ake sha, mashigi inda ake shiga a ƙetare, mawanka inda ake wanka, madatsa inda aka datse. A gida na biyu ruwan ne da kansa mai aikin: maɓuɓɓuga, da magudana, da makwarara, da mahaɗa. Tambayar Kawu daga gida na farko ta fito. Matsirga kuwa 'yar gida na biyu ce, amma ta bambanta da 'yan'uwanta. Ɓuɓɓuga da gudana da kwarara aikin ruwa ne tun asali. Tsirga aikin mai rai ne. Mutum ne yake tsirgowa daga kan doki, ɓarawo ya tsirga daga katanga, yaro ya tsirgo daga reshen mangwaro da ya hango mai gona. A cikin tsirgawa akwai niyya da ƙarfin hali, abin da babu shi cikin faɗuwa. Wanda ya faɗi tsautsayi ne ya same shi, wanda ya tsirga shi ya ga dama. Ashe wanda ya fara kiran wurin nan matsirga ya yi abin da masu nazarin adabi suke kira mutuntarwa, ya kuma yi shi cikin kalma ɗaya tak.

Yana da amfani a gwada wannan da yadda wasu al'ummu suka yi. Babbar matsirgar kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, tsayinta mita 108, faɗinta kuma ya haura mita 1,700. David Livingstone ya gan ta cikin 1855 ya sa mata sunan Sarauniya Biktoriya, amma masu ƙasar suna kiranta Mosi-oa-Tunya, watau hayaƙi mai tsawa. Ta Shuɗin Nilu kuma Habashawa suna ce mata Tis Abay, hayaƙin Abay, domin Abay ne sunan kogin a wurinsu. Su feshin da yake tashi sama suka duba. Wanda ya raɗa wa ta Wamba suna Farin Ruwa launi ya duba. Mai matsirga motsi ya duba. Baturen ne kaɗai ya dubi ruwan ya tuna da wata mace a Landan.

Game da sunan Gurara, masu yi wa baƙi jagora a wurin sukan ce daga sunayen wasu abubuwan bauta biyu na Gwarawan dā ya samo asali, Gura da Rara. Ɗalibin harshe ya karɓi irin wannan bayani da hannu biyu a matsayin adabin baka, ya rubuta shi yadda aka faɗa, amma kada ya shigar da shi babin asalin kalma sai ya ji ta bakin masu harshen. Mun san yadda ake tsaga sunayen garuruwan Hausa a ƙaga musu labari bayan an riga an daɗe ana kiransu.

A Gaban Ruwan

Daga titin Minna akan ratse a ƙauyen Bonu. Tun kafin a ga kome ake jin sa. Da fari sai ka ce iska ce take kaɗa itatuwa, in ka ƙara matsawa sai ka ce hadari ne yake rugugi daga nesa, in ka iso kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Tsayin gaɓar kimanin mita 30 ne, ba ta kai rabin rabin ta Farin Ruwa ba, amma faɗinta da yawan ruwanta su ne abin kallo. Mu da muka je cikin Satumba, ja wur muka tarar da shi saboda ƙasar da ya kwaso, sai a ƙasa inda ya daki duwatsu yake komawa kumfa fari fat. Masu zuwa da rani, wajen Janairu zuwa Maris, wani ruwan dabam suke gani: ya ragu, ya rarrabu tsakanin duwatsu, ya yi garau har ana wanka a gefe. Akwai kuma madatsa can sama a Jihar Kaduna, wadda ake jan ruwa daga cikinta ta bututu zuwa madatsar Usuma domin mutanen Abuja, don haka wanda ya sha ruwan famfo a birnin yana iya zama ya sha Gurara bai sani ba.

A daren da na komo na zauna in rubuta abin da na gani, sai na tarar sifa ba ta isa ba. Babba, mai yawa, mai ban tsoro: duk ana iya faɗarsu game da kasuwar Funtuwa. Abin da ya cece ni amsa-kama ne, watau kalmomin nan da suke kwaikwayon sauti ko kama ko motsi, waɗanda sau da yawa muke raina su muna ganin na hira ne. Ruwan yana zubowa shaa, yana wucewa yuu, gurbin ya cika fal, dutse in ka jefa sai ka ji tsundum, tsakuwa kuwa tsulum, feshin ya jiƙa mu sharkaf, duwatsun gefe sun yi santsi sumul. Dubi tsundum da tsulum. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne bambancin nauyin abin da aka jefa da zurfin wurin da ya faɗa, kuma kowane yaro a bakin ƙoramar Ƙetare ya san wannan ba tare da an koya masa ba. A ganina, marubucin da ya guji amsa-kama don yana son rubutunsa ya yi kama da na ilmi, ya ajiye fartanyarsa ne ya shiga gona da cokali. Sai dai a yi hattara, domin ita ma in ta yi yawa cikin jimla ɗaya takan mayar da bayani tatsuniya. Sakin layin nan nawa ma ya kusa faɗawa wannan rami.

Akwai kuma kalmomin da ba na cikin littafi. A hanyarmu ta komowa na sa Kawu ya yi ta lissafa mini yadda suke kiran sassan rafi: inda yake da yashi mai cin ƙafa, inda yake juyawa kamar ana dama fura, inda jaki yake iya wucewa da kaya da inda sai an sauke. Wasu na san su, wasu ban taɓa ji ba. A nan ne damuwata take. Masu irin wannan sani mutanen ƙauyukan bakin daji ne, makiyaya da mafarauta da tsofaffin 'yan jakuna. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, kuma kowa yana tune da daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Dattijon da ya baro ƙauyensu ya koma zaman haya a Funtuwa ko Katsina, jikokinsa ruwan famfo da na 'yan garuwa za su sani. Sunan kowane lungu na rafin garinsu yana kansa, ba kuwa wanda zai tambaye shi. Ɗaliban wannan sashe da suke neman batun kundin digiri ba sai sun shiga dajin Kogo ba. Mutanen dajin suna nan cikin gari, a bakin masallatai da tashoshin mota, kuma mafi yawansu za su yi murna a ce yau an zo tambayarsu wani abu ban da labarin abin da ya kore su.

Rakiya

Saura abu guda, shi ne dalilin da ya sa tsayawarmu a Gurara ta zauna daidai a zuciyar Kawu, ko da yake da fari ya ce ɓata mai ne. A ƙauyukanmu rakiya tana da iyaka. Baƙon yini akan raka shi ƙofar gida, na kwana a kai shi bakin gari, mai doguwar tafiya kuwa sau da yawa sai an kai shi bakin rafi. Hikimar a fili take, domin mai rakiya ba shi da dalilin jiƙa wandonsa. A nan ake tsayawa a yi sallama ta ƙarshe, a nemi gafarar juna, a ƙara jaddada saƙo, matafiyi ya tattare riga ya shiga ruwa, masu rakiya su tsaya sai sun ga ya hau gaɓar can kāna su juya. Wataƙila shi ya sa har yau in mutum ya tafi wata ƙasa mukan ce ya tafi ƙetare, ko da jirgin sama ya hau.

Da azahar ta yi, Kawu ya sami wani ɗan gurbi a gefe inda ruwan ya kwanta, ya yi alwala, muka bi shi salla a kan wani falalen dutse. Bayan an shafa ya kira yayana ya zaunar da shi gabansa. Ya ce masa ruwan da zai sha a Masar ma daga duwatsun wata ƙasa yake gangarowa, abin da ya ji daga bakin alhazan dā, kuma gaskiya ne, domin mafi yawan ruwan Nilu daga tsaunukan Habasha yake. Ya ce ya riƙe salla, ya riƙa kiran mahaifiyarsa ranar Juma'a, kada ya ci bashi a baƙon wuri. Yayana ya ce, "Kawu, a yafe mini." Kawu ya ce, "Ba ka yi mana kome ba. Allah ya kai ka lafiya, ya maido ka ka tarar da mu." Sa'an nan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce da a zamaninsu ne, daga nan za mu juya.

Ba mu juya ba, mun kai shi har filin jirgi bayan magariba. A can kuwa masu rakiya ba su wuce ƙofa, ga motoci a bayanmu suna ta matsa mana mu ba da wuri. Yayana ya sauke jakarsa, ya ɗaga mana hannu ta bayan gilashi, layi ya tafi da shi.